Farautar ɓoyayyen akwati kusa da kabarin matafiyiya a Dutsen Hood: in je ko kada in je?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Watana 8 ke nan a Portland, a jihar Oregon ta Amurka. Abokan aikina sun gayyace ni wani wasa da suke kira jiyokashin ranar Asabar, a hanyoyin dajin Dutsen Hood, kusa da kabarin wata mata da ta rasu tun zamanin amalanken shanu. Motata ƙarama ce, Corolla. Abu biyu ke damuna: hanyar, da kuma yin wasa a gefen kabari. In je?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka je. Amma kada Corolla ɗinka ta sauka daga kan kwalta, kada kuma hannunka ya ɗaga ko dutse ɗaya daga kabarin nan da sunan nema. Abubuwan biyu da suka dame ka daga tushe ɗaya suka fito. Kibiyar da ke wayarka a miƙe take nuna maka inda akwati yake, ba ruwanta da abin da ke tsakaninka da shi, ko kwazazzabo ne ko makwancin mutum. Shekarata 11 ina wannan wasa a Oregon, kuma duk ɓarnar da na gani da idona daga mutumin da ya miƙa wa kibiya wuyansa ta fito.

Wasan kansa mai sauƙi ne. Wani ya ɓoye gwangwani ko ƙaramin akwati mai hana ruwa shiga, ya sa ɗan littafi a ciki, ya rubuta lambobin wurin a shafin Geocaching.com. Kai kuma ka bi lambobin da GPS, ka nemo shi, ka sa hannu da kwanan wata, ka mayar da shi daidai yadda ka same shi. Idan akwai ƴan tarkacen wasan yara a ciki kana iya ɗaukar ɗaya, da sharaɗin ka ajiye wani abu da ya kai shi ko ya fi shi. Ba a sa abinci, saboda dabbobi suna jin ƙanshi su farfasa akwatin. Ba kuɗi ake ci ba, ba caca ba ce. Abin da ake samu shi ne wurin da akwatin ya kai ka, wanda da ba don shi ba sai ka shekara 20 a jihar ba ka taka shi ba.

A ƙofar gidanka ma aka haifi wasan. Kafin watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka tana gurɓata siginar GPS da gangan ga farar hula, har na'ura takan yi kuskuren mita 100. A farkon watan aka kashe wannan gurɓatawar bisa umarnin Shugaba Clinton. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek, a gundumar Clackamas, ya zuba littattafai da faya-fayai da gwafa ta harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya sanar da lambobin wurin don a gwada ko na'urorin sun gyaru da gaske. Cikin ƴan kwanaki aka samo shi. Yau akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya, kuma kamfanin da ke riƙe da shafin yana Seattle. Rabin sunan wasan daga wata kalmar Faransanci ta ɓoyewa ya fito, wadda mafarautan fatu da matafiyan da suke amfani da ita ga kayan da suka adana a hanya don su dawo su ɗauka. Wannan kuwa shi ya kai mu ga hanyar da za ku bi.

Sunanta Hanyar Barlow. Ita ce zangon ƙarshe na doguwar tafiyar da Turawa ƴan kama-wuri-zauna suke yi daga Missouri zuwa Oregon, kusan kilomita 3,500 da amalanken shanu, wata 5 zuwa 6 a hanya. Kafin 1845, in sun iso garin The Dalles hanyar ƙasa ta ƙare, sai su ɗora amalanke a kan gungumen itace su bi Kogin Columbia, inda ruwa ya ci mutane da dukiya mai yawa. A kakar 1845 Sam Barlow da Joel Palmer suka ɗauki ayari suka nemi zagaye dutsen ta kudu, suna bin sawun hanyoyin da ƴan asalin ƙasar suka daɗe suna bi. Sanyi ya cim musu kafin su ƙetare. Dole suka ajiye amalankensu da kayansu a wani wuri da suka kira Fort Deposit, mutum ɗaya ya zauna gadi, sauran suka ƙarasa da ƙafa da dabbobi cikin yunwa. A 1846 Barlow ya buɗe hanyar tare da Philip Foster, ana biyan dala 5 kan kowane amalanke, santi 10 kan kowace dabba. Ta ƙare a Oregon City, ba nisa da inda Ulmer ya ajiye bokitinsa bayan shekara 154. Ka kuma riƙe a ranka cewa ƙasar tana da masu ita kafin amalanke ya iso: a 1855 aka yi yarjejeniyar da ta tattara ƙabilar Wasco da maƙwabtansu a Warm Springs, kudu da inda za ku tsaya.

Idan kun taso daga Portland ta babbar hanya mai lamba 26, kafin ƙauyen Government Camp za ku wuce Laurel Hill. Ka roƙi abokanka su tsaya minti 20. Akwai ɗan gajeren hawa da ƙafa da zai kai ka gangaren da matafiyan suka fi tsoro a duk tafiyar, inda suke naɗa igiya a jikin bishiya suna sassauto da amalanke a hankali, ko su ɗaura masa sararriyar bishiya a baya ta zama birki. In ka tsaya a ƙasan wannan gangaren ka ɗaga kai, sauran abin da zan faɗa zai fi shigar ka.

Kabarin yana gaba kaɗan, bayan an rabu da hanya ta 26 an hau ta 35, a bakin tsohuwar kwaltar da Hukumar Gandun Daji ta ba lamba 3531. A 1924 ma'aikatan da ke gina hanyar mota ta zagaye dutsen suka ci karo da shi cikin ciyayi. Mace ce, an kwantar da ita a akwatin da aka haɗa da katakon amalanke. Suka sake rufe ta, aka tara duwatsu a kanta. Ba a san sunanta ba har yau, shi ya sa kabarin ke amsa sunan na matafiyiya kawai. Tarin duwatsun ya girma, don masu wucewa suna ta ƙarawa. Ranar da na fara zuwa, da sassafe ne, raɓa na ɗiga daga dogayen bishiyoyin da suka rufe sama. Na ga tsabar kuɗi a tsakanin duwatsun sun yi kore, da busassun furanni, da wani ɗan gicciye da aka ɗaure da zare daga ƙirare biyu. Abin da ya faɗo mini a rai kakanninmu ne da suka tafi Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan, shekara da shekaru a hanya, da waɗanda aka rufe a bakin hanyar ayari ya wuce ya bar su. Wannan matar ta yi kusan duk tafiyar, saura ƴan kwanaki ta isa. Na daɗe a tsaye ban iya ciro waya ba.

To ga inda matsalar wasan take. Wayarka a fili, sama a buɗe, takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. A ƙarƙashin irin bishiyoyin Dutsen Hood, ko a gindin tudu, kuskuren yakan kai mita 10 ko fiye, don siginar tauraron ɗan'adam tana ratsa ganye tana karo da duwatsu kafin ta iso. Wanda ya ɓoye akwatin ma da nasa kuskuren ranar da ya ɗauki lambobin. Saboda haka in waya ta ce ka iso, ba kan akwati ka iso ba, cikin wani da'ira ka shigo mai faɗin tsakar gida babba. Sabon shiga bai san wannan ba. Yana ganin sifiri a waya sai ya duba abin da ke gabansa mai kama da maɓoya, kuma babu abin da ya kai tarin duwatsu kama da maɓoya.

Na taɓa ganin haka a wani kabari na daban, can gabashin jihar. Wani dattijo da jikansa, mutanen kirki a ganina, waya a hannun hagu, hannun dama na ɗaga duwatsun kabarin ɗaya bayan ɗaya yana jera su gefe. Ya cire 6 ko 7 kafin in iso. Ban yi masa faɗa ba, na ce masa ya buɗe bayanin akwatin ya karanta. A layin farko mai akwatin ya rubuta cewa ba a cikin shingen kabarin yake ba, kada a taɓa komai a wurin. Muka mayar da duwatsun tare, ba dai yadda suke da ba, don gansakukar da ta yi shekaru a kansu ta riga ta yage. Akwatin yana bayan wani faɗaɗɗen gungume, taku 15 daga wurin, a ƙarƙashin ƙirare da aka jera reras yadda iska ba ta jera su. Jikan ne ya hango shi, bayan an sa wayar a aljihu.

Ƙa'idojin wasan suna tare da kai a nan. Ba a binne akwati, ba a tona ƙasa don a ajiye ko don a nemo. Ba a lalata komai. Sai da izinin mai ƙasa ko hukumar da ke kula da ita, kuma akwai masu sa kai da ke duba kowane sabon akwati kafin ya fito a shafi. Don haka in har samun akwati zai sa ka taɓa kabari, to ba nan yake ba, ko kuma an ajiye shi ba bisa ƙa'ida ba, sai ka bar shi ka kai rahoto ta manhajar. Masu ɓoyewa da suka san abin da suke yi sukan yi dabara a irin waɗannan wurare: su kai ka gaban allon tarihi, su ce ka ɗauki shekarar da ke rubuce ka yi ɗan lissafi, lissafin ya ba ka lambobin wani wuri can nesa inda akwatin yake. Akwai kuma irin da babu akwati sam, tambaya kawai za ka amsa game da abin da ka gani. Waɗannan na fi so a kusa da matattu. Ba zan faɗa maka inda wani akwati yake a yankin ba, don al'adar wasan ta hana tona asiri, kuma akwatuna suna zuwa suna tafiya. Ka buɗe taswirar daren Juma'a ka karanta bayanin kowanne har ƙarshe, da rahotannin mutum 5 na baya-bayan nan da suka je.

Doka ma ba ta wasa da wurin. Dajin na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar 1979 ta kare kayan tarihi ta hana tonawa ko ɗaukar abin da ya haura shekara 100 a irin wannan ƙasa. Tsohon ƙusa, ɓallin kofaton sa, fasasshen tangaran, in ka gani ka ɗauki hoto ka bar shi inda yake.

Game da ko ya dace Musulmi ya je, abin da na riƙe shi ne ladabin da muka tashi da shi. An hana mu zama a kan kabari, har hadisi ya nuna zama a kan garwashi ya fi sauƙi. Kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, da aka gaya masa ko wane ne ya ce ashe ba rai ba ne. Ka tsaya a gefe, kada ka taka, kada ka jingina, ka rage murya, ka tuna naka makwancin. Ba dole ka ƙara dutse ko ka ajiye kuɗi don wasu suna yi ba. In abokanka suka fara hawa tarin don hoto, ka faɗa musu cikin sanyin murya su sauko. A gogewata yawancinsu suna jin kunya nan take su sauka, wasu har su gode. Neman akwati ba wasa da kabari ba ne muddin kabarin wurin tsayawa ne, akwatin kuma yana wani wuri.

Yanzu hanya, wadda ita ce ta fi iya kashe mutum. Zuwa kabarin da rani Corolla za ta kai ka lafiya, kwalta ce, sai dai ƙunci da ramuka. Daga can akwai hanyar ƙafa da ke hawa zuwa Mashigar Barlow, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,270, kuma a wasu wurare za ka ga kwarin da ƙafafun amalanke suka ci a ƙasa. Wannan ya ishe ka yini mai kyau. Daga mashigar ne hanya mai lamba 3530 ke gangarawa kudu maso gabas ta bin ainihin sawun Barlow, ta Devil's Half Acre zuwa wajen Kogin White. Turɓaya ce da duwatsu da zaizayar ruwa, faɗin mota ɗaya, wurin juyawa sai an yi tafiya. Tana buƙatar mota mai tsayin ciki. Taka za ta daki dutse da tankin baƙin mai, kuma mai jan mota ba ya shiga irin wannan hanya da araha. In can abokanka suka nufa, ka ajiye taka a mashigar ka shiga tasu. Kafin nan ku kira ofishin gandun daji na Zigzag ko na Dufur ku tambaya ko hanyar a buɗe take, don gobarar daji, faɗuwar bishiya ko lalacewar gada sukan sa a rufe ta, taswirar waya kuma ba ta sani. Suna ba da taswirar da ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi, kyauta.

Kada zafin Portland ya ruɗe ka. A watan Yuni na wata shekara na bar gari da riga mai gajeren hannu, na hau wata hanyar daji busasshiya ƙarau, kibiya na cewa saura kilomita 2. Na sha wata kwana da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta sauka, sai ga dusar ƙanƙara ta kwanta a hanya tsawon mota 4. Na ce zan ratsa. Cikin motar ya hau kan dusar, tayoyin suka rataya suna juyawa a banza. Awa 3 ina haƙa da ƙaramin shebur, ina cusa tabarman ƙafa da rassa a ƙarƙashin taya, yatsuna sun daina ji, waya ba layi ko ɗigo. Da na fita, da baya na koma kusan rabin kilomita kafin in sami wurin juyawa. Tun ranar, dusar farko da na gani a hanya nan ne ƙarshen tuƙina, sauran da ƙafa ko a bar wa wata rana.

Wasu ba su fita ba. A Nuwamban 2006 wani iyali daga San Francisco suka shiga hanyar Bear Camp a kudancin Oregon suna neman yanke zuwa bakin teku, dusa ta tsare su. Bayan kwana 9 aka ceto uwar da ƴan matanta biyu a wajen motar. Uban da ya tafi neman taimako da ƙafa sanyi ya kashe shi. A 2011 wasu ma'aurata daga Kanada suka bi GPS cikin duwatsun arewacin Nevada, motarsu ta kafe a taɓo. An sami matar da rai a cikin motar bayan mako 7, mijin da ya fita da ƙafa sai a shekara ta gaba aka ga gawarsa. A duka biyun wanda ya zauna da mota shi ya rayu, kuma a duka biyun an daɗe ana nema a inda ba nan suke ba. Saboda haka kafin ka fita ka tura wa wani da ya damu da kai lambar hanyar da za ku bi, launin mota da lambarta, da lokacin da in bai ji ka ba zai kira 911. In kun canja hanya a tsakiya, ku sanar tun kuna da layi a Government Camp.

GPS ba ya buƙatar layin waya, amma taswira tana buƙata, don haka ka sauke taswirar yankin da bayanan akwatunan tun a gida, ka riƙe batirin caji da ta takarda. Tanki a cike, ruwan sha har da na alwala, bargo, rigar ruwa, tocila, shebur, tayar safaya mai iska a ciki. In wani a cikinku yana da na'urar Garmin inReach ko iPhone daga 14 zuwa sama, akwai kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam, ku gwada yadda ake yi kafin ranar buƙata. In kun haɗu da wata mota a hawa mai ƙunci, mai gangarowa ne ke ja da baya. Kada ku faka a kan busasshiyar ciyawa da rani, zafin salansa yana tayar da wuta. Da kaka lokacin farauta ne, ka sa riga mai ruwan lemo. Dajin yana da beyar da damisar dutse, amma abin da ya fi cizon masu wannan wasa rina ce da ke gida a kogon itace a ƙarshen rani, shi ya sa sanda ke shiga rami kafin hannu.

Kowane akwati yana da maki biyu daga 1 zuwa 5, na wahalar ganowa da na wahalar ƙasa. Na ƙasa 1 keken guragu zai kai, 5 kuwa sai da igiya ko kwale-kwale. A fitarka ta farko kada ka wuce 2 da rabi. In ka shigar da lambobi da hannu ka kula da tsarinsu, digiri ne da minti mai ɗigo, kuma lambar ƙarshe guda ɗaya kusan mita 2 ce a ƙasa, kuskure a ta farkon ɗigo kuwa zai jefa ka kusan mita 185 gefe. Da waya ta ce saura mita 10, ka sa ta aljihu ka tambayi kanka inda kai za ka ɓoye abu da kai ne: gindin kututture, bayan gungume, ƙarƙashin ɓawon itacen da ya kwanta shi kaɗai. Ido ba mudu ba ne, amma a nan ya fi tauraron ɗan'adam sanin kima. In ka yi minti 20 ba ka gani ba, ka rubuta a manhajar cewa ba ka samu ba. Ba abin kunya ba ne, da irin wannan rahoton mai akwati ke gane ko ya ɓace.

Ku sa wa kanku lokacin juyawa tun da safe, awa 2 kafin faɗuwar rana a ce kun hau kwalta, ko da saura akwati ɗaya a mita 300. Ka tafi da biro naka da ƴar busasshiyar takarda a leda, don littattafan akwatunan wannan dutsen rabinsu a jiƙe suke, da kuma jakar da za ka kwaso sharar da ka tarar a wajen kabarin. In ka dawo ka rubuto mini yadda kuka yi. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.